IN JIRGIN KAYA YA KAFE, WA ZAI BIYA?

Duk wanda ya saba zuwa ganin gida daga Ikko ko Badun ko Fatakwal ta hanyar Lokoja ya san Abaji. In an haye gadar Murtala a Jamata, aka wuce Koton Karfe, ita ce babban gari na farko da za a tarar cikin Yankin Birnin Tarayya. Nan direbobi kan tsaya a yi salla, fasinjoji su sayi doya ta tsaraba. Dare da rana tireloli ke ratsa garin ɗauke da kwantena, sun nufi Abuja da Kaduna da Kano. Tsakanin Abaji da teku akwai tafiyar yini guda a mota, amma kayan waje da ke cikin waɗannan kwantenoni sai da suka yi makonni a bisa ruwa kafin su iso.

Da yawa cikin 'yan'uwanmu mazauna Kudu abincinsu yana rataye da waɗannan kwantenoni. Wani kayansa ne a ciki, ya aika da kuɗi ƙasar Sin ko Dubai yana jira. Wani shi ke fito wa maigidansa na Kantin Kwari da kaya daga Apapa. Wani direba ne, wani kuma ɗan dako a Tin Can. Galibinsu sun san kuɗin kwastan da na ejan da na mota kamar yunwar cikinsu. To, amma akwai wani lissafi wanda ba kowa ya san da shi ba sai ran da ya faɗo masa. In jirgin da ya ɗauko kayanka ya kafe a yashi ko ya hau dutse, ana iya riƙe kayan nan, ko da ɗigon ruwa bai taɓa su ba, a ce sai ka ɗauki rabonka na hasarar kafin a sake maka su. Doka ce ta yarda da haka, dokar kuwa ta girmi Nijeriya nesa ba kusa ba.

JIRAGEN DA SUKA KAFE A KWARA

Kafewar jirgi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Kogin Gurara ya ratsa ƙasar Abaji ya gangara ya faɗa Kwara, kuma kafin a yanki garin a sa shi cikin Birnin Tarayya a 1976, cikin tsohuwar Jihar Kwara yake. A wannan kogi na Kwara ne jiragen tururi na farko da suka shigo ƙasar nan suka ɗanɗana kuɗarsu.

Cikin 1832 wani attajirin Liverpool, Macgregor Laird, ya zo da jirage biyu, Richard Lander yana yi musu jagora. Sunan ɗaya Quorra, watau Kwara, ɗayan kuma Alburkah, watau albarka. Sun shigo a makare, ruwa ya fara janyewa. Kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai, inda Lokoja take yanzu, sai Quorra ya hau tudun yashi, ya zauna nan wata da watanni yana jiran ruwan damina. Laird ya bar jirgin ya tafi Panda, birnin Igbirra, neman ciniki, bai kuwa samu abin da ya zata ba. Zazzaɓi ya yi ta ɗauke ɗai-ɗai, har cikin Turawa 48 da suka zo, 9 kaɗai suka koma gida.

Bayan shekara 25, cikin watan Oktoba na 1857, jirgin Dayspring ya daki dutse kusa da Jebba ya fashe. Cikinsa akwai Likita Baikie da Samuel Ajayi Crowther da wani hafsan sojan ruwa mai suna Glover. Mutane sun tsira, kaya sun salwanta. Suka kafa sansani a bakin kogi kusan shekara guda kafin wani jirgi mai suna Sunbeam ya zo. Labarin haɗarin ma a ƙasa aka kai shi Ikko, ta cikin ƙasar Yarabawa. Wannan Glover shi ne daga baya ya mulki Ikko, ya kafa rundunar Hausawa a 1863, wadda sojan Nijeriya ke ɗauka a matsayin tushensu.

Yashin nan shi ya hana Baro, wadda ke yamma da Abaji cikin Jihar Neja, zama babbar tasha. Layin dogo daga Baro ya isa Kano a 1911, amma manyan jirage ba sa iya hawowa sai cikin 'yan watannin da kogi ya cika, don haka ciniki ya koma layin Ikko. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin, kilomita 572 daga Warri zuwa Baro, a watan Janairu na 2019 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar Baro. Shekarun da suka biyo baya ba a ga zirga-zirgar jiragen da aka yi fata ba, don kuwa hanyar mota ba kyau, yashi kuma kullum komawa yake yi.

YADDA AKE BIN SAWUN JIRGI

A zamanin Baikie sai a yi watanni mai kaya bai san jirginsa ya fashe ba. Yau mai wayar hannu a Agege yana iya ganin inda jirgi yake a tsakiyar teku, in ya san abin da zai nema.

Abu na farko shi ne lambar jirgi. Kowane babban jirgin kaya yana da lamba mai alƙaluma 7 wadda ake kira lambar IMO, da sunan Hukumar Sufurin Ruwa ta Duniya mai hedkwata a Landan. Ana iya sayar da jirgi, a sake masa suna, a sake masa tuta da fenti, amma lambar nan tana tare da shi har ran da za a yanka shi a sayar da ƙarfe.

Na biyu, wata na'ura da ake kira AIS. Tun ƙarshen 2004 aka wajabta ta a kan jiragen da suka kai tan 300 masu tafiya ƙasa da ƙasa. Ba dare ba rana tana shelar sunan jirgi, da inda yake, da gudunsa, da inda ya dosa. Tashoshin bakin teku da taurarin ɗan'adam suna kama wannan shela, shafukan intanet irin su MarineTraffic da VesselFinder kuma su zana ta a taswira kowa ya gani. In ka ga gudun jirgi ya koma sifiri a wurin da ba tasha ba, ba kuma wurin jefa anga ba, sa'an nan ƙananan jiragen ja sun kewaye shi, to, ruwa ba ya tsami banza.

Na uku, lambar kwantena: haruffa 4 da alƙaluma 7, a rubuce a jikin ƙofarta. Wannan tana da muhimmanci domin kayan Ikko ba kullum suke zuwa a jirgi ɗaya ba. Sau da yawa akan sauke su a Tanja ta Maroko ko a Lome, a sake loda su a wani jirgi. Wanda ya riƙe sunan jirgin farko kaɗai sai ya yi ta kallon jirgin da ya riga ya rabu da kayansa. Da lambar kwantena, shafin kamfanin jirgin zai nuna masa inda aka kwana. Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya ita ma takan fitar da jerin jiragen da ake sa ran isowarsu da waɗanda ke jiran wurin tsayawa.

Har ila yau akwai wani akwati a ɗakin tuƙi mai naɗar maganganun matuƙa da motsin jirgi, kamar na jirgin sama. In an je gaban alƙali, shi da taswirar AIS su ne manyan shaidu. Sai dai na'ura hannu ke kunna ta, hannu kuma ke kashe ta. Ɓarayin ɗanyen mai sukan kashe tasu, wasu matuƙa ma sukan yi haka don tsoron 'yan fashin teku. Jirgi kuwa yana iya ɓata ko a gaban hukuma: African Pride, wanda aka kama da ɗanyen mai a 2003, ya yi layar zana daga hannun sojan ruwa a Ikko cikin 2004, har aka gurfanar da manyan hafsoshi gaban kotun soja.

KWANA SHIDA A YASHI, WATA UKU A HANNUN KOTU

Babu kafewar da duniya ta zuba wa ido kamar ta Ever Given. Jirgi ne mai tsawon mita 400, ya taso daga Malesiya ɗauke da kwantena wajen 18,000 zai tafi Rotterdam ta ƙasar Holan. Ran 23 ga watan Maris na 2021, da safe, yana cikin mashigin Suez ta ƙasar Masar, aka taso da iska mai ƙarfi da ƙura. Jirgin ya kauce, goshinsa ya nutse cikin gaɓar gabas, gindinsa ya tokari ta yamma, ya toshe hanya gaba ɗaya. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko, har da masu ɗauke da tumaki da shanu.

Dubi yawan hannuwan da ke kan jirgi ɗaya. Mai shi kamfanin Shoei Kisen ne na Jafan. Mai hayarsa Evergreen na Taiwan. Tutar Fanama yake ɗauke da ita, wani kamfani mai tushe a Jamus ke kula da shi, ma'aikatansa 25 Indiyawa ne, masu nuna hanya biyu da ke ɗakin tuƙi a lokacin kuwa Misirawa. A ƙa'idar mashigin, mai nuna hanya shawara kurum yake bayarwa, alhakin jirgi yana wuyan kyaftin.

Aka yi ta yashe ƙasa ana ja, sai ran 29 ga Maris, da taimakon cikar teku, jirgin ya taso. Jama'a suka ce magana ta ƙare, ashe yanzu aka fara. Cikin watan Afrilu wata kotu a Isma'iliyya ta ba da izinin tsare jirgin, hukumar mashigin ta nemi diyyar dala miliyan 916, daga baya ta sauko zuwa miliyan 550. Aka yi ta ciniki har aka daidaita a kan adadin da ba a bayyana ba. Sai ran 7 ga watan Yuli aka sake shi, ya isa Rotterdam ran 29 ga wannan wata. Kwana 6 ya yi a yashi, amma ya yi fiye da wata 3 a tsare, kayan dubban 'yan kasuwa suna cikinsa, ba wanda ya isa ya sauke ko kwali ɗaya.

Tun farkon Afrilu kuwa masu jirgin suka yi shelar abin da za mu kira karo-karon hasara, wanda a takardun jirgi ake rubutawa General Average. Wannan ita ce kalmar da ya kamata kowane mai odar kaya ya haddace.

KARO-KARON HASARA

Bari mu kawo misali daga gida don a fahimta. A ce wani kwale-kwale mai inji, wanda kuɗinsa ya kai naira 400,000, ya ɗauko kayan mutum uku a Gurara: doya ta 300,000, shinkafa ta 200,000, gyaɗa ta 100,000. Dukiyar da ke bisa ruwa ta zama miliyan ɗaya ke nan. Sai ya hau yashi, ruwa ya fara shiga, ba yadda za a yi ya taso sai an rage nauyi. Gyaɗa ce a sama, aka watsar da ita duka, kwale-kwale ya taso, kowa ya tsira. Shin mai gyaɗa shi kaɗai zai kwana ciki, alhali da dukiyarsa aka fanshi ta sauran?

Doka ta ce a'a. Abin da aka sadaukar kashi 10 ne cikin 100 na dukiyar duka, saboda haka kowa zai ɗauki kashi 10 na tasa. Mai kwale-kwale ya kawo 40,000, mai doya 30,000, mai shinkafa 20,000. A miƙa wa mai gyaɗa 90,000, shi ma ya haƙura da 10,000 rabonsa.

Wannan hukunci ya samo asali tun daga mutanen tsibirin Rodas, Rumawa suka shigar da shi dokokinsu. Malaman fikihun Malikiyya na Afirka ta Arewa da Andalus su ma sun yi bayaninsa a babin hayar jiragen ruwa: in aka jefar da kayan wani don tsoron nutsewa, waɗanda nasu ya tsira su yi tarayya da shi cikin hasarar gwargwadon ƙimar kayan kowa. A zamanin nan ana bin ƙa'idojin York da Antwerp, waɗanda suka samu wannan suna tun ƙarni na 19, ana kuma yi musu gyara lokaci lokaci. Kusan kowace takardar lodi tana ambatonsu a bayanta, cikin ƙananan rubutun nan da ba mai karantawa.

Ba jefar da kaya kaɗai ke shiga lissafin ba. Kuɗin jiragen ja, da na sauke kaya don rage nauyi, da na fakewa a wata tasha, da lalacewar inji wajen ƙoƙarin fizge jirgi daga yashi, duk ana tarawa a raba. Ɓarnar da kafewar kanta ta yi, kamar fashewar cikin jirgi ko jiƙewar kayan wani, ba ta shiga; wannan tana kan wanda ta faɗa wa, shi da inshorarsa.

Ga inda abin yake cizo. Da zarar an yi shela, mai jirgi yana da ikon riƙe kaya har sai an ba shi jingina. Mai inshora, kamfaninsa zai sa hannu a takardar lamuni, a sake masa kaya. Marar inshora kuwa sai ya ajiye tsabar kuɗi, wani kaso na ƙimar kayansa wanda masu lissafi za su yanka, kuɗin kuma su zauna har a gama lissafi. A babban jirgi lissafin nan yakan ɗauki shekaru. Kafin nan kwantena tana tasha, kuɗin ajiya yana hawa kowace rana.

IN LAIFIN MATUƘA NE FA?

Mai karatu zai ce, to, in sakacin kyaftin ne ya jawo, don me ni zan biya? Amsar tana da rassa biyu. A tsohuwar yarjejeniyar Hague ta 1924, wadda ƙasashe da yawa ke bi har yanzu, ita ko gyararriyarta, in kyaftin ya yi kuskuren tuƙi a hanya, ba a kama mai jirgi da laifi. Amma in tun kafin a tashi jirgin bai cancanci shiga teku ba, mai shi kuma bai yi iyakar ƙoƙarinsa ba, to, masu kaya suna da bakin magana.

An gwada wannan a shari'ar jirgin CMA CGM Libra, wanda ya kafe yana fita daga tashar Xiamen ta ƙasar Sin cikin watan Mayu na 2011. Aka yi shelar karo-karo na kimanin dala miliyan 13. Mafi yawan masu kaya suka biya, kaɗan suka ce sai an je kotu. Bincike ya nuna ba a rubuta wani gargaɗi a taswirar jirgin ba, cewa zurfin da aka nuna a wajen hanyar ba abin dogara ba ne. Kotun Ƙolin Ingila ta yanke hukunci a watan Nuwamba na 2021 cewa tsarin tafiya marar kyau daidai yake da jirgi marar lafiya, don haka waɗannan masu kaya ba za su biya ba. Sun yi nasara, amma bayan shekara 10, kuma manyan kamfanonin inshora ne suka ɗauki nauyin lauyoyi. Ɗan kasuwa mai kwantena ɗaya ba shi da wannan dogon numfashi.

Ban da karo-karo akwai ladan ceto. Wanda ya ceci jirgi daga halaka yana da haƙƙi a kan jirgin da kayan cikinsa, bisa ƙa'idar nan ta in ba ceto ba lada, kuma ladan ba ya wuce ƙimar abin da aka ceto. Kamfanin SMIT na Holan, wanda ya yi aikin Ever Given, sai da ya kai masu jirgin ƙara Landan, kotu ta ce a 2023 yana da damar neman ladansa.

Shi kansa kyaftin yana iya kwana a gidan wakafi. Ran 25 ga Yuli 2020 jirgin Wakashio, wanda ya taso daga Sin zai tafi Barazil ba kaya, ya matso gaɓar tsibirin Morishas don ma'aikata su sami layin waya, ana kuma shagalin ranar haihuwar wani a ciki. Ya hau dutse, mai kimanin tan 1,000 ya malala ya ɓata wuraren kamun kifi. A watan Disamba na 2021 kotu ta ɗaure kyaftin da mataimakinsa wata 20 kowanne. Wajen diyya kuwa, dokar teku ta ba mai jirgi damar ƙayyade abin da zai biya gwargwadon girman jirginsa. Masana sun lissafa cewa a ƙarƙashin yarjejeniyar 1976, wadda Morishas ke ciki, iyakar ba ta wuce kimanin dala miliyan 18 ba, alhali da sabuwar ta 1996 ce da ta kai wajen miliyan 65.

ME DOKAR NIJERIYA TA CE?

Dattawan Ikko ba su manta da 1975 ba, shekarar da jiragen siminti fiye da 400 suka yi dafifi a bakin Apapa, kowanne yana cajin kuɗin jira. Rigimar ba ta tsaya a nan ba, sai da aka yi ta shari'a da Nijeriya a kotunan Landan da New York har cikin shekarun 1980. Darasin shi ne rikicin jirgi ba lalle ne a yanke shi inda mai kaya yake ba. Takardar lodi ita ke faɗin dokar da za a bi da kotun da za a je.

A cikin gida, shari'ar jiragen ruwa ta Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai. Dokar soja mai lamba 59 ta 1991 ta tsara wannan, sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ambaci Kwara da Binuwai da rassansu ƙarara. Watau ikon kotun bai tsaya a bakin teku ba, ya hau har kogunan da ke kewaye da Lokoja da Abaji. Wannan kotu tana iya kama jirgi kansa, kamar yadda ake kama mutum, ta hana shi tashi sai an kawo jingina. Ga mai ƙara wannan babban makami ne, gama mai jirgi yana iya zama a wata uwa duniya, amma jirginsa ga shi a Apapa.

A 2005 Nijeriya ta shigar da yarjejeniyar Hamburg ta 1978 cikin dokokinta. Ita wannan ta fi tausaya wa mai kaya: ta soke uzurin kuskuren tuƙi, ta kuma ba da shekara 2 a shigar da ƙara, maimakon shekara 1 ta Hague. Duk da haka gara mutum ya ɗauka shekara ɗaya gare shi, ya ga lauya da wuri.

Dokar jiragen kasuwanci ta 2007 ita ke magana a kan mushen jirgi. Hukumar NIMASA ita ke kula da na teku, hukumar NIWA mai hedkwata a Lokoja kuma, wadda aka kafa a 1997, tana kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar Nairobi ta 2007, wadda ta ɗora wa mai jirgi kuɗin sa alama da kawar da mushensa. Nan akwai jan kunne ga 'yan'uwanmu 'yan gwangwan. Jirgin da aka gani yashe a bakin teku yana tsatsa yana da mai shi, ko kuwa yana hannun hukuma ko kotu. Wanda ya sa masa wuta ya yanka, ko ya sayi ƙarfensa ba takardar izini, yana iya samun kansa a hannun 'yan sanda.

ABIN DA YA KAMATA ƊAN KASUWA YA YI

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne ƙaramin ɗan kasuwa mai haɗa kaya da wasu a kwantena ɗaya. Sunan ejan ne a takardar lodi, shi kuwa ɗan rasit kurum ke hannunsa, wani lokaci ma saƙon waya. In aka yi shelar karo-karo, akan riƙe kwantenar ne duka har a kammala jinginar abin da ke cikinta, ta haka mutum ɗaya marar inshora yana iya tsare kayan mutum ashirin.

Saboda haka, kafin ka saki kuɗinka, ka nemi ejan ya rubuta maka sunan jirgi da lambarsa da lambar kwantena, ya kuma ba ka takardar lodi ta gida mai ɗauke da sunanka da bayanin kayanka. Ka adana takardar ciniki ta gaskiya, domin da ita za a ƙiyasta rabonka, da ita kuma za a biya ka in naka aka sadaukar. Wanda ya rage farashi a takarda don gudun kwastan, ranar biyan diyya abin da ya rubuta shi zai gani.

Ka tambaya ko an yi wa kayan inshora, da wane kamfani, ka ga takardar da idonka. Ƙa'idar shigo da kaya ta bukaci takardar inshora ta kamfani mai rajista a Nijeriya kafin banki ya karɓi Fom M, amma wasu takardar cika sharaɗi kurum suke nema, ba su damu ko ta gaske ce ba. Inshorar kaya hawa uku ce, A da B da C. Ko mafi araha, watau C, ta ƙunshi kafewa da nutsewa da karo-karo da ladan ceto. Abin da ba ta biya, har A ɗin ma, shi ne hasarar jinkiri. In atamfar salla ta iso bayan salla, wannan tsakaninka da kasuwa ne, don haka kada a zuba jari duka a jirgi ɗaya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai kamfanonin takaful masu rajista a ƙasar nan, sai ya tambaye su.

In kuwa labari ya zo cewa jirgin ya kafe, kada ka tsaya jiran ejan ya kira ka. Ka sanar da kamfanin inshora a ranar, ka cika takardun jingina da wuri, ka kuma tabbata lauya ko wanda ya san aikin ya duba kafin ka sa hannu. Ran karɓar kaya, in ka ga alamar ɓarna, a rubuta ta a takardar karɓa nan take kafin mota ta bar tasha, gama da wuya a saurari kukan da aka fara yi bayan tirela ta wuce Abaji.